Kwalekwalen Baba a Kan Yashi

Shekarar da aka sallami Tobiya daga aikin direba a ma'aikata, Jihar Taraba ma ba ta gama tsayawa da ƙafarta ba. Ya zauna a gidansa na Yelwa, cikin Jalingo, har zaman ya ishe shi, sai ya tuna shi ɗan masunci ne. Ana ƙarshen damina ya gangara bakin kogin Mayo Gwoi, wurin Malam Abbo, dillalin tsofaffin jiragen ruwa.

Jirage biyu Abbo ya nuna masa. Na farko irin na zamani ne, kafinta ya haɗa shi da katako da ƙusa, aka toshe mahaɗan da tsumma da kwalta. Ba shi da nauyi, ga faɗi, har da wurin ɗaura inji. Na biyun yana can ƙasan gurbi, an danne shi da duwatsu, kamar yadda ake ajiye kwalekwalen sassaƙa: cikin ruwa, kada rana ta tsaga shi.

"Wancan tsoho ne," in ji Abbo. "Maɗaci guda aka fafe. Nauyi kamar bijimi, amma ba ya yoyo."

Tobiya ya sa aka kwashe duwatsun, majiya ƙarfi suka jawo shi kan yashi. Yana ganin bakinsa, inda sassaƙar ta ɗan karkace hagu, ya gane shi. Na mahaifinsa ne. Shi da kansa ya riƙe wa mahaifin nasa gizago lokacin da ake fafe shi, kuma bayan rasuwar ne 'yan'uwa suka sayar, shi yana can yana tuƙa manya.

Ya shafa shi, ya ƙwanƙwasa, ya zagaya. Itacen lafiya lau. Amma mutum mai 'ya'ya a makaranta, su Godiya, ba ya ciniki da zuciya kaɗai. Na katakon zai ɗauki raga da kifi ninki biyu, kuma ko shi kaɗai ne zai iya tura shi.

"Malam, na katakon zan ɗauka. Wannan kuwa a bar mini shi nan, gobe zan dawo mu yi magana."

"To, Baban Godiya. Ba wanda zai taɓa."

Kuma ba wanda ya taɓa ɗin. Abbo mutum ne mai riƙe alkawari har ya wuce misali. An ce a bar shi nan, ya bar shi nan. Shi kuwa Tobiya, a ransa ai dillali ya san aikinsa, zai mayar da shi ruwa. Washegari ya samu motar da za ta kai sabon jirginsa Lau, inda Binuwai ke ba da kifi, ya bi ta. Goben nan tasa ta zama wata da watanni.

Jirgin katakon bai ba shi kunya ba, wannan ne ma abin haushin. Yana yoyo kaɗan, a kwarfe, a ƙara kwalta, a ci gaba. Kifi ya samu, yara suka koma aji. Rani ya yi nisa kafin ya dawo Jalingo da niyyar fanso kayan ubansa.

Ya tarar da kwalekwalen daidai inda ya sa aka ajiye shi. Rana ta tsaga shi daga baki har gindi, tsagar da hannu zai shige.

"Na yi ta jiranka," in ji Abbo. "Kai ka ce a bar shi nan. Masu dafa burkutu sun zo neman itace, na hana."

Tobiya bai yi faɗa ba. Da wa zai yi? Baƙin ciki ya cika shi, ya durƙusa ya dafa itacen, zafinsa ya ƙona masa tafi.

"Akwai gyara?" ya tambaya, ko da yake ya san amsar.

Abbo ya girgiza kai. "Na katako ake canza wa katako. Wannan guda ɗaya ne."

Tobiya ya daɗe a durƙushe, sannan ya ce a kira masa majiya ƙarfin nan. Suka tura shi cikin gurbin da ya rage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya nutse ba tare da an ɗora masa ko dutse ɗaya ba.