Rubutun Fensir a Shafi na Arba'in

A ranar da makarantun Iskandariyya suka tashi hutun bazara Malama Tahani, wadda ɗalibanta ke kira Abla, ta ajiye aiki. Shekara talatin da huɗu ta yi tana koyar da Larabci a wata makarantar 'yan mata da ke Muharram Bek. Ta dawo gida da kwalin alewa da fure, ta zauna a baranda tana kallon taram, jirgin ƙasan cikin gari, yana wucewa, ta rasa abin da za ta yi da hannuwanta. Kafin la'asar ta yanke shawara: littafi ashirin za ta karanta kafin makarantu su koma.

Ƙanwarta Afaf, wadda ke zaune a hawan ƙasa tun rasuwar mijinta, ta ji labarin ta kwashe da dariya.

"Yaya, kin gama tilasta wa 'ya'yan mutane karatu, yanzu kanki kika juyo wa? To wa zai doke ki in kin kasa?"

"Ke dai ki ci gaba da kallon wasanninki na talabijin. Littafin ƙarshe da kika buɗe na girki ne, shi ma ba ki bi abin da ya ce ba."

Washegari ta hau taram zuwa titin Nabi Daniyal, inda masu tsofaffin littattafai ke baje koli, ta dawo da leda biyu cike. Ta sayi littafin rubutu mai koren bango, duk wanda ta gama sai ta rubuta ra'ayinta ta ba shi maki cikin goma, kamar yadda take yi wa ɗalibai. Na farko huɗu ya samu, don marubucin ya kashe uwar tun shafi na goma saboda bai san yadda zai yi da ita ba. Na biyu, labarin wasu 'yan'uwa da suka raba gonar dabino, ya sa ta kuka har miyarta ta mulukiya, wato lalo, ta kusa ƙonewa. Na biyar kuwa jifa ta yi da shi, ya bugi ƙofa, Afaf ta hawo daga ƙasa tana tambayar ko ɓarawo ne.

Ranar sha tara ga Yuli, da safe, bayan ta ci wake da burodi, ta ɗauko na tara. Mai kauri ne, labarin wata mata da ta gaji kwalekwalen fito bayan mijinta ya ɓace a kogi. Tun shafin farko ya kama ta. Ta kai shafi na arba'in, inda surukin matar ya zage ta a gaban jama'a ita kuwa ta yi shiru, sai ta ga rubutun fensir a gefe: "Ƙarya ne. Babu macen da za ta yi shiru a nan."

Ta yi murmushi. Ashe wadda ta riga ta mallakar littafin mai hankali ce. Ta sake duba rubutun, murmushin ya tsaya. Layi biyu aka ja a ƙarƙashin kalmar farko, na biyun ya ɗan fi gajarta. Haka take ja wa ɗalibanta layi shekara talatin da huɗu.

Ta juya bangon baya. Takwas cikin goma, shida ga Yuli, da sa hannunta.

Ta jawo koren littafin ta buɗe. Ga shi nan a lamba ta shida, shafi ɗaya da rabi da hannunta, har da ƙorafin cewa ƙarshen ya yi gaggawa. Ta karanta sau uku. Ba ta tuna ƙarshen ba, ba ta tuna rubuta wannan ba, ba ta ma tuna ranar ba. Kwana goma sha uku kacal. Zufa ta keto mata duk da fankar da ke juyawa a kanta.

Mahaifiyarsu da ƙaramin abu ta fara. Gishiri ta zuba a shayi aka yi ta dariya. Bayan shekara biyu ta fita sayen burodi aka samo ta a bakin teku tana tambayar hanyar gidan mahaifinta. A ƙarshe Tahani ce ke ba ta abinci a baki, tsohuwar tana godiya cikin ladabi tana cewa, "Baiwar Allah, in kin ga 'yata Tahani ki ce mata ina jira." Shekara bakwai aka yi a haka.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta rufe ƙofa ta shiga yi wa kanta jarrabawa. Ta jero ƙa'idojin nahawu babu kuskure. Ta kira sunayen ajinta na ƙarshe, yarinya arba'in da biyu, ta samu talatin da tara, ta yi ta zagayen falo har sauran ukun suka zo. Ta ce wa kanta zafi ne, zafin bana ya fi na kullum. Amma ranar Talata ta sauka kasuwa ta sayo mulukiya, ta shiga kicin ta tarar da wata a kwano, an tsince, an wanke. Ta tsaya riƙe da ledar tana kallon kwanon kamar wani ne ya shigo mata gida.

Littattafan da take ɗokinsu suka koma abin tsoro. Kafin ta fara na goma sai da ta duba bangon baya, ta kaɗa shafukan ɗaya bayan ɗaya tana neman fensir. Babu komai. Ta fara karantawa da takarda a gefe tana rubuta sunan kowa da danginsa, duk shafi biyar ta rufe ta maimaita abin da ya faru da ƙarfi. Daɗin karatun ya tafi. Littafin kuma bai taimaka ba: a babi na huɗu 'ya'yan wani tsohon alƙali suka mai da shi ɗakin bayan gida suka kulle, suna magana a kansa yana zaune kamar kujera. Ta rufe shi, ta cusa a ƙarƙashin tawul a cikin kabad, ta wanke hannu kamar ta taɓa ƙazanta.

Ranar Alhamis ta hau taram za ta karɓo magani. Tana kallon taga, sai kawai titin ya zame mata baƙo. Ga shaguna, ga masallaci, ga mai ruwan rake, amma ba ta san ina ne ba, ba ta san inda za ta ba. Ta riƙe ƙarfen kujera da hannu biyu. Wata mata kusa da ita ta ce, "Hajiya, lafiya? Fuskarki ta canza." Bai fi minti ɗaya ba komai ya dawo: titin da ta bi zuwa aiki rabin rayuwarta ne. Ta sauka a tasha ta gaba ta koma gida a ƙasa, ba ta karɓo maganin ba.

Da azahar ɗin Juma'a Afaf ta hawo da faranti na ganyen inabi mai cushen shinkafa. Ta shiga kicin ta ajiye, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito tana riƙe da 'yan takardu uku da ta ɓanɓaro daga bango: "Kashe gas." "Kin sha maganin safe." "Afaf tana hawan ƙasa, ƙofar hagu."

"Yaya, mene ne wannan?"

"Ajiye min kayana."

"Ni ce kike rubuta wa kanki inda nake? Shekara tara ina ƙarƙashinki kina taka min kai da takalmi."

Afaf ta so ta yi dariya, muryarta ta karye. Tahani ta tashi ta ɗauko littafin kwalekwale ta buɗe mata shafi na arba'in, ta buɗe koren littafin, ta ba ta labarin mulukiya da na taram. Afaf ta zauna a hannun kujera.

"Na rubuta ne don ranar da zan buƙata," in ji Tahani. "Ki yi min alkawari ɗaya. In ta kai ni inda ta kai Mama, kada ki yi magana a kaina ina zaune."

"Rufe min baki. Ke likita ce? Nahawu kika karanta. Gobe za mu asibiti, in kin ƙi in kira ɗanki a Kuwait in gaya masa komai."

"Kada ki kuskura."

"To sa takalmi gobe."

Likitar matashiya ce mai tabarau. Suna shiga ta miƙe tsaye da fara'a ta ce, "Abla Tahani! Ba ki gane ni ba?"

Tahani ta kalli fuskar, ta nema, ta nema, babu komai. Ɗakin ya fara juya mata. Ta kama hannun Afaf ta matse.

"Haba likita," in ji Afaf, "matar da ta koyar da yara dubu biyar? Ke ma da wannan tabarau ko uwarki sai ta duba sau biyu."

Likitar ta ga abin da ta jawo, kunya ta kama ta. Ta ce sunanta Marwa, zangon karatu ɗaya kawai ta yi a ajin, shekara ashirin da suka wuce, kuma a layin baya take zama. Ta zaunar da ita, ta ba ta kalmomi uku ta riƙe: lemo, kujera, jirgi. Ta sa ta zana agogo, ta ƙirga daga ɗari zuwa baya bakwai-bakwai. Duk ta yi. Da aka ce ta maido kalmomin, ta kawo lemo da jirgi. Ta ukun ta ƙi zuwa. Afaf na gefe tana bubbuga abin da take zaune a kai, likitar ta harare ta.

"Abla, waɗanne magunguna kike sha?"

Tahani ta juye jakarta a tebur. Na sukari, shekara goma sha ɗaya. Na atishawa. Da wasu ƙananan farare da wata maƙwabciya ta ba ta farkon zafi, don ta riƙa samun barci.

"Tun yaushe kike shan waɗannan?"

"Tun Yuni. Ɗaya kullum. Wani lokaci biyu."

Likitar ta ware su gefe, ta rubuta gwajin jini, ta ce su dawo bayan mako guda.

Makon nan Tahani ba ta buɗe littafi ba. Tana zaune a baranda tana ƙirga taram, kowace safiya tana tambayar kanta abin da ta ci jiya. Afaf ta kwaso ɗinkinta ta dawo sama, wai fankarta ce ta lalace.

Sakamakon ya nuna jininta ya yi ƙarancin wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke buƙata, abin da kan samu masu daɗewa a kan maganin sukari. Ga kuma ƙwayoyin barci a kan na atishawa.

"Waɗannan kaɗai sun isa su sa mutum ya karanta littafi ya manta," in ji likitar. "Za mu janye su a hankali, za ki fara allura."

"Ke nan ba ciwon mahaifiyata ba ne?"

Likitar ta cire tabarau. "Abla, ke kika hana mu rubuta abin da ba mu tabbatar ba. Ina kyautata zato, amma ban sani ba tukuna. Ki dawo bayan wata uku mu sake gwadawa."

Wata uku. Ta fito da takardar a hannu, ba ta san ko murna za ta yi ko kuka ba.

Afaf ce ta dawo da ita karatu. Ta ce idanunta sun gaji da ɗinki, a karanta mata. Kullum bayan la'asar Tahani na karanta babi biyu da ƙarfi, Afaf na ɓare gyaɗa tana zagin mutanen cikin littafin, washegari kuma kafin a ci gaba sai ta ce, "To Yaya, ina muka tsaya?" Wata rana Tahani ta kawo komai tiryan-tiryan. Wata rana sai ta yi shiru, ta ji wani sanyi yana hawo mata daga ciki, har sai Afaf ta ɗan tsokano mata bakin zaren. Cikin Satumba ranakun shirun suka ragu, amma ba su ƙare ba. Makarantu suka koma tana kan na goma sha uku, labarin wani iyali masu gidan burodi a Bur Sa'id.

A wannan makon ne Afaf ta ce, "Ni dai wannan Fikri ɗin ban yarda da shi ba, shi ya saci kuɗin gidan burodin."

"Lutfi," in ji Tahani. "Fikri ƙanen matar mai gidan burodin ne, ya mutu tun babi na biyu."

"Fikri dai."

"Lutfi."

Suka buɗe suka duba. Lutfi ne. Tahani ta riƙe littafin, ta daɗe tana kallon sunan. Sannan ta ɗago.

"Da gangan kika yi, don ki faranta min."

"Wallahi ba da gangan ba. Ni Fikri na riƙe." Afaf ta yi dariya, dariyar ta gajarce. Ta ajiye kwanon gyaɗar a ƙasa. "A babi na biyu kika ce ya mutu? Ina nan aka karanta?"

"Kina nan. Har kika ce ya huta da matarsa."

Afaf ta yi ta murza ɓawon gyaɗa a yatsunta. Can ta ce, ba tare da ta kalli yayarta ba, "Ranar da za ki koma wurin yarinyar nan mai tabarau, ki ce ta rubuta sunana ni ma."

Tahani ta ce to, ta gyara zama, ta ci gaba daga inda Lutfi ya shiga gidan burodin.