Masarar Maiwada

Injin casar masara bai tsaya ba sai da ya haɗiye hannun Maiwada har kafaɗa. Ihu ɗaya ya yi, shi ma ƙarar injin ta danne rabinsa. Kafin yayansa Buba ya tsallake tarin totuwa ya kashe injin, masarar da ke kwarara cikin buhu ta riga ta koma ja.

A gonar Alhaji Bature abin ya faru, bayan Dandume, da hantsi. Masarar ba ta gama bushewa ba, tana ta toshe bakin injin, shi ya sa tun da safe Buba da kansa ya kwance ƙarfen kariya don aiki ya yi sauri. Haka kowa ke yi da kaka. Wanda ya nemi sanda ya tura da ita kuwa, dariya ake masa, a ce masa matsoraci.

Da ƙyar sauran leburori suka zare shi. Suka ɗaure dungulmin da igiyar buhu, jini bai ma san an yi ba. Suka sa shi tsakiyar mutum biyu a kan babur, bai kai bakin titi ba ya cika.

Ana yi wa gawa wanka a gida, Buba ya koma gonar a ƙafa, rigarsa ta ƙandare da jini. Ya tarar da Alhaji tsaye a kan buhu uku da suka ɓaci, Kamalu mai ɗinkin buhu na gefe da allura a hannu. Alhaji ba mugu ba ne, in dai a bakinsa za ka ji.

"Allah ya jiƙansa, Buba. Ƙaddara ce," in ji shi. "Kamalu, waɗannan a sheƙe, a shanya, a gauraya da sauran. Motar Funtua na jira."

"Alhaji, ƙanena yana ciki."

"Ƙanenka yana gida, ana masa wanka."

Buba ya cusa hannu cikin buhun har gwiwar hannu, ya lalubo, ya fito da ɗan yatsa, zoben azurfa na nan a jikinsa.

"Wannan fa? A tuwon wa za a ci shi?"

Alhaji ya kau da kai, ya kama bakin buhun zai ja da kansa. Nan idon Buba ya rufe. Ya shaƙo wuyan babbar rigar Alhaji, ya yi sama da shi ya nana da ƙasa, ya danna fuskarsa cikin jar masarar yana kuka, yana cewa, "Shinshina! Shinshina ka ji!" Sai da ƙarti huɗu suka taru kafin suka ɓamɓare shi. Alhaji ya miƙe, haƙori ɗaya ya fita, hula ta yi nata wuri, yana jiran a rama masa.

Babu wanda ya ɗaga hannu. Kamalu ya soke allurarsa a ƙasa, ya ce a ɗora masa buhun farko a ka. Talha, wani cikin leburorin, ya ɗauki na biyu, Buba na uku, suka nufi gida.

Abin da aka iya tsincewa na hannun Maiwada aka sa cikin likkafani. Sauran ya riga ya zama ɗaya da masarar, sai liman ya ce a haƙa rami a gefen kabarin a juye. Buba bai yarda kowa ya taya shi mayar da ƙasa ba, don ya san wanda ya kwance ƙarfen.

Da damina ta sauka, masara ta tsiro a wurin, ta yi goyo, ta bushe a tsaye. Ko ɓarayin gona ba su karya ɗaya ba.

Ranar da Maiwada ya shekara, leburorin casa suka zo bakin kabarin da hantsi, suka yi masa addu'a, suka koma bakin aiki. Buba ya zauna shi kaɗai. Can nesa injin Alhaji ya tashi. Ya kasa kunne: daga yadda yake cin masara ba tsayawa, ya gane an sake kwance ƙarfen.