Ɗigon Farfesa

Ni na fara ganin ɗigon, ranar Talata da hantsi, ina tace hotunan da madubin hangen nesa ya ɗauko. Ɗan mitsitsi ne, a gefen gungun taurarin da ke maƙwabtaka da namu, kuma babu shi a hoton bara.

Na kai wa Farfesa, shugaban cibiyarmu, wanda rabonsa da leƙa madubi tun yana da baƙin gashi. Ya gyara tabarau, ya ce tauraro ne ya fashe a can, irin wanda ba a taɓa gani ba.

"Ranka ya daɗe, a bari mu sake ɗaukar hoto bayan kwana uku," na ce. "In ya gusa, abin kusa ne."

Dokar aikin ke nan, tana manne a bango, da sa hannunsa.

"'Yata, dokar ta masu koyo ce," in ji shi.

Shekarata goma sha ɗaya a wurin. Washegari takardar sanarwa ta fito ɗauke da sunansa, da na mataimakinsa, da na surukinsa da ke kula da ma'ajiya. Nawa sai na neme shi na rasa. Abin ya yi mini ciwo, har mijina ya gaji da jin zancen, ya ce ko dai mu ba ɗigon ɗakin baƙi.

Aka kira 'yan jarida. Farfesa ya sa sabuwar riga, ya ce ya daɗe yana jin abin a jikinsa.

Ran Juma'a na ɗauko sabon hoto. Ɗigon ya gusa. Dutse ne kawai, yana yawonsa kusa da duniyarmu, ya gifta ta gaban gungun.

Kafin azahar aka gyara takardar. Sunana ya hau, shi kaɗai, da manyan baƙaƙe, a matsayin ma'aikaciyar da ta yi gaggawa.

Bayan wata huɗu wasiƙa ta zo daga ƙungiyar da ke rajistar irin waɗannan duwatsu. Ba a san da dutsen ba, sabo ne, kuma wanda sunansa ke kan takarda shi ya gano shi, shi zai raɗa masa suna.

Farfesa ya tako da ƙafarsa har ofishina, karo na farko. Ya rasa inda zai zauna, domin kujera ɗaya ce.

"'Yata, ai aikin na cibiya ne gaba ɗaya."

"Ranka ya daɗe, kada ka damu, sunanka na sa masa."

Fuskarsa ta washe. Ya karɓi fom ɗin raɗa sunan da na cike yana murmushi, har ya kai layin da ake bayanin dutsen, inda na rubuta gaskiyar da awo ya nuna: ƙarami ne, ba shi da nauyi, ba shi da hasken kansa, kuma ba a ganinsa sai ya shiga gaban wani.

Na miƙa masa biro, tunda fom ba ya fita sai da sa hannun shugaba.