Alhamis Ni Ke da Magana

Ranar Laraba matata ta rasu. Ranar Alhamis ni ke da magana.

Auta ce ta haɗa mu da mai ba da shawara ta intanet. Ta zo hutu, ta ga yadda muke miƙa wa juna gishiri ba mai ɗaga kai, sai ta ce, "Baba, kai da Mama kamar fasinjojin da mota ta haɗa." Na ce fasinjoji ma suna isa lafiya. Ba ta yi dariya ba. Kafin ta koma bakin aikinta ta saka manhajar a wayar uwarta, ta nuna mana yadda za mu jingina wayar da ƙamusina a kan teburin cin abinci.

Wadda ta bayyana a wayar sa'ar Auta ce, da tabarau, da tukunyar fure a bayanta wadda har yau nake zargin ta roba ce. Ni da na ƙare ƙuruciyata a maɗaba'a ina gyara rubutun manya, na karanta littattafan da aka taƙaita mata a makaranta, yau ga ni a gabanta an sa ni gyara zama.

Tsarinta mai sauƙi ne. Kowane zama mutum ɗaya ke magana, ɗayan ya saurara, ba katsewa, ba gyara. Mako mai zuwa a juya. Kuma abin da aka taɓo a gabanta kada a ci gaba da shi a gida, don kada ya koma faɗa.

"Wa zai fara?" in ji ta.

"Ita," na ce. "Na saba karanta abu tukuna kafin in sa masa jan biro."

"Kin ji ko, 'yata?" in ji matata. "Da wannan nake fama."

Na ɗauka ba za ta daɗe ba. Ashe a cike take. Ta ce ina kashe rediyo in ta fara bin waƙa. Ta ce ina gyara mata labari a gaban baƙi. Ta ce ranar da aka kwantar da yayarta a asibiti na kai ta har ƙofa, na zauna a mota da littafi. Na yi shiru kamar yadda aka umarce ni, ina jera amsoshi a kaina. Can sai muryarta ta sauka. Ta shiga shafa mayafin tebur da tafin hannu.

"Amma duk ba wannan ya zaunar da ni nan ba," ta ce. "Abin da nake so ya sani shi ne..."

Yarinyar ta saci kallon agogo. "Mama, ki yi haƙuri, lokaci ya cika, wasu na jira. Riƙe shi da kyau. Alhamis Baba zai yi nasa, sai mu dawo kanki."

Da yamma na shiga kicin neman ruwa, na sami matata tana wanke kofuna.

"Malam, maganar nan da ban ƙarasa ba..."

"An hana," na ce. "Malamarki ta ce sai a gabanta."

"Kai yaushe ka fara bin doka?"

"Tun da aka fara kafa mini ita a teburina."

Ta yi 'yar dariya. "Allah ya shirye ka," ta ce, ta ci gaba da wanke-wankenta. Ba ta sake tayar da zancen ba. Ni kuwa na shafe makon ina wasa amsata. Rediyo da amsarsa, mota da amsarta. Ban taɓa shirya magana mai kyau irin wannan ba.

Laraba da safe tana shanya, ta zauna a kan bokiti, ta ce kanta ya yi nauyi. Likita ya ce jijiya ce ta fashe.

Washegari gida cike da mutane, wayarta ta yi ƙara tana tuna mana lokaci. Na shige ɗaki na amsa.

"Baba, yau ranarka ce. Ina Mama?"

Na faɗa mata. Ta cire tabarau ta rasa inda za ta ajiye shi. Na tambaye ta ko matata ta taɓa kiranta ita kaɗai, ko ta san ƙarshen maganar.

"Wallahi ban sani ba, Baba. Ba ta faɗa miki a gida ba?" Ta gyara da sauri. "Maka, nake nufi."

"Ta so. Na tuna mata da dokarki."

"Ai ba haka nake nufi ba! Don faɗa na ce, ba don..."

"Ni mai gyaran rubutu ne, 'yata. Abin da aka faɗa nake bi, ba abin da ake nufi ba."

Ta mayar da tabarau ɗinta. Sannan ta ce har yanzu lokacin nawa ne, in yi magana kamar matata na zaune a gefena. Na lalubi amsar da na shirya. Tana nan daram, ba kuskure ko ɗaya, ba kuma wanda za a ba. Na kashe wayar.

Auta na ganin ciwon ne uwarta ta so ta faɗa mini. Ƙanwar marigayiyar ta ce gajiya ta yi da ni. Kowa da nasa ƙarshen, kuma ba na sa hannu a rubutun da mai shi bai gama ba.

Nawa dai gajere ne, ko zama guda ba zai ci ba. A kicin ya kamata a faɗe shi.

"Ina jin ki. Ƙarasa."