Shingen da Aka Yi wa Agwagi

"Umma, agwagin Baba Ila ma kamfani ya ɗauke su aiki?"

Zulaiha ce, 'yar shekara biyar, ta kwaɗa tambayar a gaban baƙin da suka zo daga Abuja da kyamarori. Atika ta damƙe hannun 'yarta. Malam Bawa, mai magana da yawun kamfanin fasa dutse, ya yi dariyar da iyakarta haƙora.

Shekara tara kamfanin na haƙar dutse a bayan Rigasa. Da dutsen ya ƙare, damina ta cika ramin, zurfinsa sai ya shanye bene. Maimakon a cike shi, sai aka kafa masa koren allo: "Tafkin Raya Halittu". Halittun kuwa su ne agwagi bakwai na aro daga gidan Baba Ila, maƙwabcin Atika, da kwaɗin da suka kawo kansu, da sauron da ba wanda ya gayyata.

Ta bakin ramin nan hanyar islamiyyar Zulaiha ta bi, taku uku tsakanin yaro da ruwa. Sau huɗu Atika tana zuwa ofis roƙon a yi shinge. A zuwa na uku aka ba ta hula mai hoton bishiya. A na huɗu Malam Bawa ya ce, "Hajiya, ruwa ai rahama ne. Ki dai ja wa yarinya kunne."

Ranar nan, tana tsaye ta ji babbar baƙuwar tana cewa za su dawo bayan wata guda, in tsuntsaye sun ƙaru a ba kamfani lambar yabo. Ta ga yadda Malam Bawa ya share gumi.

Da yamma ta shiga gidan Baba Ila ta gaishe shi, ta roƙe shi ya kulle agwagwa biyu a akurki.

"'Yar nan, ke da ko ƙwai ba kya ɗauka sai da sallama?"

"Baba, kullewa kawai. Sauran ni zan ji da shi."

Washegari ta koma ofis.

"Hajiya, in maganar shinge ce..."

"A'a, Malam, na haƙura da wannan. Tsuntsayenku nake tausayi. Yaran unguwarmu ba sa jin magana, har da tawa. Jifa, kora, wawashe ƙwai. Ka je ka duba, biyar suka rage."

Malam Bawa ya miƙe har kujera ta faɗi. "Biyar? Inna lillahi! Yaran nan ba su da tarbiyya ne?"

"Sai addu'a," in ji Atika, a zuci tana istigfari.

Cikin kwana uku aka gama shingen. Waya mai tsayin mutum biyu, ƙofar ƙarfe da kwaɗo, har da maigadi mai usur. Sabon allo ya ce: "An hana yara kusantowa, domin lafiyar tsuntsaye." Atika ta zo ta jijjiga turakan ɗaya bayan ɗaya, ta ji ba sa motsi, sannan ta saki hannun Zulaiha ta wuce makaranta.

Ke mai karatu, in akwai irin ramin nan a hanyar 'ya'yanki, kada sunan da aka raɗa masa ya ruɗe ki. Ki riƙe hannunsu gam har ranar da kika taɓa shinge da hannunki, don ruwan rami ba ya mayar da abin da ya karɓa.