Kunyar Ɗan Fari

Gwaggo Saude ta sake tsoma ganyen darbejiya cikin tafasasshen ruwan, ta fyaɗa wa Zulaiha a gadon baya. Zulaiha ta cije leɓe. Ba zafin ruwan ne ya dame ta ba, wankan jego ta fara sabawa da shi. Kunnenta yana can ɗaki inda jaririnta yake kwance, kuma shirun da ke fitowa daga can ya yi mata yawa.

Haihuwar fari ce, shi ya sa take gidansu a Fammar. Tun da ciki ya tsufa ta baro mijinta Haliru a Rano. Gobe suna, gida ya cika da mata, ana ta daka da suya. Gwaggo Saude, yayar babanta, ita ke riƙe da ragamar jego: ita ce wanka, ita ce kunun kanwa, ita ce faɗa. Mahaifiyar Zulaiha, Barira, kuwa ko ƙofar ɗakin ba ta taka ba.

Ba ƙiyayya ba ce. Danginsu Fulani ne da suka daɗe da barin ruga suka kama noma, har yaren ya fara kuɓuce musu, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Tun da Zulaiha ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. "Waccan" ce, ko "yarinyar nan". In abinci za ta ba ta, sai ta ajiye kwano ta gaya wa bango cewa ga tuwo nan. An ce kafin Zulaiha an yi wani namiji da bai kai suna ba, amma ba a lissafa shi, ba a kuma zancensa. Kunyar sai ta sauka a kanta.

To, yanzu ita ma abin da ake jira daga gare ta ke nan. In an miƙo mata yaro ta noƙe, in za ta ba shi nono ta kau da kai. Tana yi kuwa, a gaban mutane. Amma da ɗaki ya zama ba kowa sai ta zuba masa ido kamar ta haɗiye shi. A irin wannan satar kallon ta ga abin.

Da aka gama wanka Gwaggo ta tafi duba tukunya, Zulaiha ta ɗauke shi ta matso bakin ƙofa, ta ɗage labule kaɗan. Ta buɗe masa ido da ɗan yatsa. Inda ya kamata ya zama fari ya koma kamar kwaiduwar ƙwai. Ta danna masa hanci ta saki, wurin ya tashi rawaya. Lokacin da take zuwa awo a Kibiya, malamar asibiti ta taɓa yi musu bayanin ciwon shawara na jarirai, ta ce in ta hau ido, yaro kuma ya daina tsotso, kada a bari rana ta faɗi. Shi kuwa tun jiya sai ya kama nono ya saki, ya koma barci.

'Yan barka suka yi ta shigowa cikin duhun ɗakin da hayaƙin turare. Kowace ta karɓe shi sai ta ce tubarkalla, wannan fari ne tas, hasken dangin uwa ya kwaso. Wata ta ce ga haƙuri, tun da ta shigo ko motsinsa ba ta ji ba. Zulaiha tana gefen gado ta juya baya kamar yadda ya dace, kowane yabo yana sukar ta.

Da suka ragu ta daure ta yi wa Gwaggo raɗa, ta ce a duba idon yaron nan.

Gwaggo ta saki salati, ta riƙe haɓa. "Idonsa kika tsaya leƙawa? Ɗan farin? Lallai zamani ya zo. Uwarki da ta haife ki sai da aka matse ta ta ba ki nono."

Ta dai ɗaga shi a wannan duhun, ita da idonta ya daɗe da yin yana, ta ce kwalli ne da haske, ba komai. In ma da wani abu, a bari a sha suna, ta san jiƙon da za ta yi masa. Sannan ta ja wa Zulaiha kunne kada ta kuskura ta maimaita wannan maganar a gaban dangin miji, a ce ba a yi mata tarbiyya ba.

Zulaiha ta lalubo wayarta a ƙarƙashin matashi ta kira Haliru. Yana kasuwar Rano wajen ragon suna, tana jin kukan tumaki a bayansa. Ko a waya bakinta ya kasa furta abin kai tsaye, sai ta ce baƙon nan fa ba ya cin abinci. Haliru ya tambaya wane baƙo, daga Durba ko daga Rurum? Da ya gane sai muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce yana tare da Kawu, ba zai iya wannan zancen ba yanzu, ai manya suna nan, sun fi su sani. Ya kashe. Shi ma ɗan farinsa ne, shi ma kunyar ta ɗaure shi. Haushi ya turnuƙe ta, ta rasa wa za ta ji wa.

Bayan azahar yaron ya yi kuka. Da ma ta yi ta roƙon Allah ya yi, amma ba irin wannan ba. Siriri ne mai tsini, kamar na ɗan mage. Ya gantsare baya, wuyansa ya sanƙare, sannan ya saki jiki ya yi laƙwas. Ta duba tafin hannunsa. Rawayar ta iso can.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta rungume shi a ƙirji, ta yaye labule, ta fito tsakar gida cikin rana tsaka, ba ɗankwali ba takalmi. Taɓare suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Mai jegon fari, da ɗa a ƙirji, a gaban jama'a! Wata ta yi dariya ta rufe baki. Zulaiha ba ta kalli kowa ba, ta miƙe har gindin murhu inda Barira take durƙushe tana dama kunu.

"Inna," ta ce, "ki duba min ɗana."

Kalmar ta faɗo tsakar gidan kamar an saki kwano. Gwaggo Saude ta taso tana faɗin yau ta ga abin da ya ishe ta, a mayar da yarinyar nan ɗaki kafin ta gama tsiraita su. Barira ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da juya muciya.

Can sai muciyar ta tsaya. Barira ta goge hannu a zani, ta miƙo su ba tare da ta kalli fuskar 'yarta ba. Ta juya yaron wajen rana, ta buɗe ido ɗaya, ta buɗe ɗayan. Ta duba tafin hannu, ta duba tafin ƙafa. Ba ta tambayi kowa ko mene ne ba. Yadda ta san duk inda za ta duba ne ya gaya wa Zulaiha cewa uwarta ta taɓa ganin irin waɗannan idanun, a wani yaron da ba a lissafawa.

Gwaggo ta fara cewa ai gobe suna, me mutane za su ce. Barira, wadda ba a taɓa jin ta mayar wa yayar mijinta magana ba, ta katse ta. Ta ce a kira Habu maƙwabci ya fito da babur yanzun nan, asibitin Rano za su. Ta saɓa yaron a kafaɗa, kunu yana ta tafarfasa yana zuba cikin wuta, ba wanda ya kula.

Sannan ta juyo. Ta kalli 'yarta ido cikin ido.

"Zulaiha," ta ce, "ɗauko mayafinki. Yi sauri."

Zulaiha ta girma tana marmarin jin sunan nan daga wannan bakin, ko da sau ɗaya. Yau da ta ji shi, tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta gwammace da uwarta ta duba yaron ta ce a gaya wa waccan ta koma ɗaki.