Goyon Kashim

Direban ya jujjuya keken koyon tafiyar yana neman inda zai cusa shi tsakanin buhunan taki, da ya ga babu wuri sai ya miƙo wa Batula ta taga.

"Sai dai ki rungume abinki, Hajiya."

Ta karɓa ta ɗora a cinya, bakin robar ya tokare mata cikinta na wata biyar. Ta matsa gaban kujera don kada ta danne Kashim da ke goye a bayanta. Motar ta bar Gafasa tana tangaɗi cikin taɓon ruwan jiya. Duk ramin da suka faɗa sai keken ya saki ɗan kiɗansa, kan yaron kuma ya langaɓe ya bugi kafaɗarta.

Wata dattijuwa da ke gefenta ta leƙa fuskarsa. "Watansa nawa, 'yar nan?"

"Shekara biyu da wata uku, Inna."

"Bai fara tafiya ba?"

"Ko zama bai yi."

Dattijuwar ta gyara mayafi. Ta ce a samo ɓargon ƙafar saniya a riƙa mulke masa gwiwa safe da yamma, da hantsi kuma a turbuɗe ƙafafunsa a rairayi, jikanta ma da haka ya miƙe. Wata matashiya a kujerar baya ta ce a'a, abinci ne, ta gani a waya: waken suya da gyaɗa da busasshen kifi, a niƙa tare a riƙa dama masa. Har direban ya sa baki, ya ce akwai wani mai magani a Balan.

Batula ta riƙa cewa to, Allah ya saka. Ba ta gaya musu duk ta yi ba. Ɓargo har zanin goyonta ya daina sakin ƙarni, rairayi kuwa sai da ta haƙa rami na musamman a bayan rumbu. Mai maganin Balan ma ya san sunanta.

Keken mijinta ne ya sayo, Muhammad Auwal, ranar da ya kai riɗi Kano. Tun daga lokacin, kullum in ya dawo daga gona bayan la'asar sai ya sa Kashim a ciki, ya tokare shi da filo gaba da baya, ya riƙa tura shi a tsakar gida. Ƙafafun yaron su sandare, yatsunsa su riƙa jan ƙasa, uban kuwa ya waiwayo yana murmushi ya ce, "Kin gani ko? Takawa yake yi." Da suka ji akwai likitar yara da ke zuwa asibiti a Gaya sau ɗaya a wata, shi ya ce ta tafi da keken, likita ta gani da idonta. Shi ba zai samu zuwa ba, ciyawa ta tasar wa geronsa.

Sai wajen azahar layi ya zo kanta. Likitar, Dakta Hussaina, doguwa ce mai ƙaramar murya, ta zuba wa katin Kashim ido sannan ta ce a kwance yaron. Ta kwantar da shi a kan gadon gwaji, ta kama hannayensa ta jawo shi a hankali, kansa ya tsaya a baya kamar ba nasa ba. Ta lanƙwasa ƙafafunsa, suka ƙi, sannan suka saki gaba ɗaya. Ta zagaya bayansa ta kaɗa mukullanta kusa da kunnen dama, ta koma na hagu. Kashim na kallon fankar sama, hannayensa na murɗewa su kaɗai.

"In kin kira sunansa yana waiwayowa?"

"In ya ga fuskata yana dariya."

"In bai gan ki ba fa?"

Batula ta juya ta kalli Kashim. Likitar ba ta matsa ba, ta koma kujerarta.

"A ina kika haife shi?"

"A gida."

"Ya yi shawara?"

"Ya yi. Kwana uku da haihuwa idonsa ya yi ɗorawa. Surukata ta ce a riƙa fitar da shi hantsi, ana ba shi ruwan gulukos. Haka aka yi wa duk 'ya'yan gidan."

"Daga nan fa?"

"Ana jibi suna ya daina kama nono. Sai wani irin kuka siriri, yana banƙarewa. Aka ce a bari a yi suna tukuna. Bayan suna muka kai shi kemis. Daga baya kuma ya warware, ya ci gaba da shan nono."

Likitar ta rubuta wani abu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kayan da kika sa masa da aka haife shi, a ina kika adana su?"

Tambayar ta ba Batula mamaki. Ta ce a akwati. Tun cikin na wata bakwai ta wanke su, ta goge, ta jera, riguna da huluna da safa da tawul, ta zuba kafur a tsakani saboda kyankyaso, kamar yadda yayarta ta koya mata. Har matan da suka zo barka suna yaba ƙamshin.

"Da ƙamshin kafur ɗin kika sa masa su?"

"Eh." Ta dubi likitar. "Laifi ne?"

Dakta Hussaina ta ajiye biro. Ta ce akwai yaran da jininsu ba ya jure kafur, musamman maza, yana fasa musu jini ya sa shawara ta yi tsanani. Ta ce ba za ta rantse cewa shi ne ba, shawara na da dalilai da yawa, kuma mata da yawa ba su san wannan ba. Abin da take da tabbas a kai shi ne shawarar ta hau ta taɓa ƙwaƙwalwar yaron a cikin wannan satin na farko. Shi ya sa wuyansa bai tsaya ba, shi ya sa ba ya zama. Tana kuma zargin ba ya ji sosai, sai an gwada a Kano.

Batula ta ji maganar kamar daga wani ɗaki take fitowa. Abin da ke gabanta kawai shi ne akwatin nan a buɗe, da hannunta yana tura fararen ƙwayoyin cikin ninkin tawul ɗaya bayan ɗaya, tana jin daɗin kanta.

"Wane magani za a ba shi?"

"Babu maganin da zai mayar da abin da ya lalace, Batula. Gashi za a riƙa yi masa, wato a riƙa motsa masa jiki, don kada gaɓoɓinsa su ƙage. Masu yin sa suna Kano, sau biyu a sati ake so."

Sau biyu a sati. Daga Gafasa zuwa Gaya kaɗai ya cinye mata safiya. Ga ciki, ga girki, ga daminar da ba ta barin kowa ya ɗaga kai. Ta sunkuya ta jawo keken daga ƙarƙashin benci.

"Babansa ya ce in nuna miki. In an sa shi a ciki yana taka ƙasa. Bari ki gani."

"Kada ki sa shi." Likitar ta ɗaga hannu. "Ba takawa yake ba, jijiyoyinsa ne ke ɗaurewa, keken kuma ƙara ɗaure su yake yi. Ko yaro mai lafiya ba na so a sa shi a wannan abin. Ki shimfiɗa masa tabarma, ki riƙa kifa shi a kan cikinsa, ki sa masa filo a ƙirji. In za ki ba shi kunu ki tallafe kansa, ki yi shi da kauri, kada ya shaƙe."

"Likita, zai yi tafiya?"

Dakta Hussaina ta dube ta, ta dubi yaron. "Ba na jin zai yi. Wataƙila da gashi ya iya zama. Ba na so in yi miki ƙarya."

Ta ƙara da maganar cikin da ke jikinta: ta zo awo, ta haihu a asibiti, ta wanke duk kayan jariri ta shanya su a rana, ta riƙa duba farin idonsa kullum, da ta ga launi ta taho ko ranar suna ce. Ta rubuta takardar Kano ta miƙa mata. Mai kiran layi ta riga ta buɗe ƙofa.

A waje Batula ta zauna a gindin wata darbejiya ta buɗe fulas ɗin kunu. Ta tallafe kan Kashim a gwiwar hannunta kamar yadda aka ce. Rabin kowane cokali a bakinsa, rabi a wuyan rigarsa. Ta matso da bakinta daidai kunnensa, ta inda ba zai gan ta ba, ta kira shi. Ta sake kira da ƙarfi. Yana nan yana kallon ganye. Da ta leƙo fuskarsa sai ya washe baki, haƙoransa duk kunu.

Wayarta ta yi ƙara. Muhammad Auwal ne, tana jin hakinsa da ƙarar fartanyar wani a kusa da shi.

"Kun ga likitar?"

"Mun gan ta."

"Me ta ce? Kin nuna mata yadda yake yi a keken?"

"Ta gani."

"To me ta ce?"

Batula ta kalli takardar da ke hannunta. In ta fara, sai ta kai ga hantsin surukarta, ta kai ga sunan da aka jira, ta kai ga akwatinta. Ba ta san wanne za ta fara ɗora masa a tsakiyar gona ba.

"Maganar da tsawo, Malam. Sai na dawo."

"Amma dai lafiya?"

"Sai na dawo."

Ta goya yaron, ta ɗauki jakarta, ta bar keken a jingine da bishiyar. Ta kusa fita ƙofar asibitin ke nan mai gadi ya biyo ta yana ɗaga shi sama. "Baiwar Allah, kin manta kayanki." Ta tsaya, ta sa hannu biyu ta karɓa, ta yi masa godiya.

Hanyar tasha ta cikin kasuwa ta bi. Ta wuce masu tumatur da masu robobi, ta shiga layin kayan jarirai ba da niyya ba. Bahon wanka ruwan hoda, kwandunan kaya, gidan sauro mai kamar laima, famfas jibge har rufin rumfa. Wasu mata biyu na gwada wa wata yarinya takalmi mai ƙara, yarinyar na buga ƙafa tana ƙyalƙyala dariya. Kashim ya zame ƙasa a bayanta, kamar yadda yake yi duk bayan 'yan taku, tunda ba ya riƙe ta da ƙafa ko hannu. Ta sunkuya ta cilla shi sama ta sake ɗaure zanin. Kwankwasonta ya amsa.

A ƙarshen layin akwai rumfar wata mata mai sayar da zannuwan goyo. Batula ta tsaya. Matar ta dubi cikinta ta yi fara'a.

"Sannu, Allah ya raba lafiya. Ga wasu masu laushi nan sababbin zuwa, ba sa cin fatar jariri."

"Majanyi nake so. Na saƙi, mai faɗi."

Matar ta zaro ɗaya. Batula ta ja shi tsakanin hannayenta, ta mayar.

"Babu wanda ya fi wannan ƙarfi?"

"Akwai, amma ya yi wa jariri nauyi. Kuma me za ki yi da shi? 'Ya'yan yanzu shekara ɗaya sun sauka, sai dai ki riƙa bin su da gudu."

"Ba na jaririn ba ne."

Sai a lokacin matar ta leƙa bayanta. Ta ga dogayen ƙafafun da ke reto har cinyar Batula, da kan da ya kwanta gefe guda. Fara'ar ta bar fuskarta. Ta shiga can cikin rumfar, ta daɗe tana ɗaga kaya, ta fito da wani baƙi mai ratsin ja, mai kauri kamar bargo.

"Wannan tsohon saƙi ne," ta ce a hankali. "Zai yi shekara goma bai yage ba."

Batula ta shafa shi, ta auna faɗinsa da tafin hannu, ta auna tsawonsa da kamu.

"Kina da wani irinsa?"

"Saura ɗaya."

"Haɗa min duka biyun."